Ƙarin albashi bai wanke wulaƙanci a wurin aiki ba

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuma a farkon 2025 Gwamna Ahmed Aliyu ya amince a fara biyan sa a Jihar Sakkwato, har da ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare. Wannan abin yabo ne, mun kuma yaba. Sai dai duk wanda ya zauna da ƙananan ma'aikata a Kebbe ko Tambuwal, a bakin sakatariya ko a inuwar makaranta bayan an tashi yara, zai ji cewa kuɗi rabin kukan ne kawai. Sauran rabin shi ne yadda na sama ke mu'amala da na ƙasa.

Mu ɗauki malamin firamare da ya taso daga wani ƙauyen Kuchi ko Ungushi don bin takardar ƙarin girmansa. Ya hau babur tun da asuba, ya biya kuɗin da zai ciyar da gidansa kwana biyu, ya zauna a kan benci tun hantsi har azahar. Oga ya shigo ya wuce shi, ko sallamarsa bai amsa ba. Daga ƙarshe a ce fayil ɗinsa ba a gan shi ba, ya dawo wani mako. Shi da masinja duk sun san fayil ɗin zai fito da zarar an ba da na goro. Idan ya ɗaga murya, amsar da yake samu ita ce: "Ka ci gaba, sai na kai ka daji."

Wannan barazanar ta fi komai damun mu. Canjin wurin aiki hanya ce ta kai ma'aikaci inda ake buƙatarsa, amma a hannun wasu shugabanni ya zama bulala. A yankin da ya yi iyaka da Zamfara da Kebbi, inda 'yan bindiga suka sha tayar da ƙauyuka, tura mutum lungu don huce haushi wasa ne da ransa. Kuma abin yana cutar da mutanen ƙauyen su ma, domin an koya wa kowa cewa makarantarsu da asibitinsu wurin horo ne. Wanda aka kai da ƙarfi ba ya zama. Zai leƙa ranar kasuwa ya sa hannu a rajista ya koma, yara su wuni babu darasi. Mai uban gida a siyasa kuwa yana zaune a gari shekara da shekaru, ko ya zo aiki ko bai zo ba albashinsa na shiga, babu mai ba shi takardar tuhuma. Wanda ke zuwa kullum yana gani. Me zai hana gwiwarsa yin sanyi?

A ƙananan asibitoci lamarin ya fi tsanani. Jami'ar lafiya guda ke duba masu awon ciki, ita ke rigakafi, ita ke karɓar haihuwa da dare da hasken wayarta. Idan magani ya ƙare ita jama'a ke zagi, idan masu duba aiki suka zo ita ake yi wa tsawa a gaban marasa lafiya. A gefenta akwai 'yan sa-kai da suka gama makarantar koyon aikin lafiya, suna aiki shekaru bisa alkawarin za a ɗauke su, sai a wayi gari sunayen wasu da ba su taɓa riƙe allura ba sun fito. Akwai kuma abin da mata ma'aikata ba sa iya faɗa saboda kunya da tsoron abin da za a ce a gidan miji: shugaban da ke ɗaure sa hannu da wata buƙata ta daban. Shirun da ake yi a kai ba ya nufin babu shi.

Ba mu ce duk shugabanni haka suke ba. Akwai hedimastoci da daraktocin da ke raba abin aljihunsu da na ƙasa da su, kuma su ma ana danne su daga sama. Ba mu kuma wanke ma'aikaci malalaci ba. Tantancewa don fitar da ma'aikatan bogi wajibi ce. Amma tantancewar da ke tara tsofaffi da masu goyo a rana tun safe, sannan a tsayar da albashin mai gaskiya wata da watanni saboda kuskuren wani akawu, ita ma zalunci ce.

Dokokin kariya suna nan. A watan Nuwamban 2022 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana nan tun 1975, kuma kai mata kuka kyauta ne. Matsalar ita ce mafi yawan waɗannan ƙofofin a birni suke. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, na ƙauyukan Kebbe ya fi haka nisa, kuma takardar koken ma'aikaci bisa ƙa'ida ta hannun ogan da yake ƙara za ta bi. Shi ya sa mafi yawa ke haɗiye abin su ce Allah ya isa.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi zai ƙara wa shugabanninsu ƙarfi idan aka aiwatar da shi sosai. Ƙarfin da ba a sa masa linzami ba kuwa a kan ƙaramin ma'aikaci zai fara sauka.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, da hukumar ilimin bai-ɗaya, da ta kiwon lafiya matakin farko, su fito da rubutacciyar ƙa'idar canjin wurin aiki: shekara nawa mutum zai yi a ƙauye, wane alawus zai samu, yaushe zai dawo, kuma ta hau kan kowa har da ɗan gidan mai mulki. A buɗe hanyar kai koke wadda ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara ba, a sa mata mace da mata za su iya yi wa magana. Shugabannin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi (NULGE) da ta malamai (NUT) da ta ma'aikatan lafiya kuma, da ake cire musu kuɗin ƙungiya daga albashin waɗannan bayin Allah duk wata, su sauko Kebbe da Kuchi da Dogon Daji da Jabo su zauna da mambobinsu ba tare da oga a ɗakin ba, su rubuta abin da suka ji, su kai wa gwamna.