Kada Mu Zubar Da Kayan Zaɓe

A ƙasar Amurka, cikin 1971, an buga wata irin karta mai suna Politicards. Maimakon sarki da sarauniya da aka saba gani, sai aka zana shugabanninsu na siyasa, har da Shugaba Nixon, wannan an ja masa hanci, wancan an kumbura masa kumatu. Mutane suka saya suka yi dariya. Zaɓen 1972 ya zo ya wuce, amma kartar ba ta wuce ba. Har yanzu akwai masu nemanta da kuɗi don ajiya, gama duk wanda ya baza ta zai ga waɗanda suka yi tashe a lokacin, da kuma yadda talakawa suka ɗauke su.

Ba muna cewa a kawo mana karta ba ne. Mu a nan karta ƙawar caca ce, caca kuwa haramun ce. Abin da ya ja hankalinmu shi ne ajiyar.

Mu ma ai muna da namu kayan. A zaɓen tarayya na Disamba 1959, NPC ta Sardauna Ahmadu Bello ta fito da fartanya, NEPU ta Malam Aminu Kano da tauraro, NCNC da zakara. A 1979 PRP ta zo da mabuɗi, NPN da gida da masara. Kowane zaɓe da bajensa, da takardun mannawa a bango, da kalanda, da atamfa mai hoton ɗan takara. To, ina suke yau? Yawanci gara ta cinye, ko an ƙunshe ƙosai da su.

Abin ya fi shafar Kano. Daga Bompai zuwa Sharaɗa, har Calawa ta wajen Zawaciki, nan ne masana'antunmu suka taru, masaƙu da yawa kuwa sun rufe. Ƙyallen da aka buga a can shaida biyu gare shi: ta siyasar zamaninsa, da ta hannun ma'aikacin da ya yi shi. In ya ɓata, an yi hasara biyu.

Wani zai ce a adana na yabo, a ƙone na ba'a. Mu ba mu yarda ba. Bahaushe ya san wasan taubashi, ya san tashe, inda yaro ke kwaikwayon babba ba a ɗaga masa hannu. Ba'a daban, zagi daban. Zanen da ya taɓa aikin shugaba abin ajiya ne; wanda ya taɓa iyayensa ko addininsa, wannan ba ruwanmu da shi. Tarihin da yabo kaɗai ke cikinsa, rabin tarihi ne.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da akawuna, musamman 'ya'ya da jikokin ma'aikatan En'e, su bincika tsofaffin adakoki. Abin da aka samu a rubuta shekararsa da garinsa da jam'iyyarsa, a miƙa shi Gidan Makama, ko Gidan Mumbayya, ko Arewa House ta Kaduna. Malami kuwa ya fara kai shi aji. Yaron da ya riƙe bajen 1959 a hannunsa ba zai manta da darasin ba.

Allah ya sa mu gane.