"Ɗan Kaɗan Nake Sha": Ƙaryar Da Ke Cinye Samarinmu A Kurmi



Makon jiya muka saka wani yaronmu a motar Kano daga nan Agege, hannunsa na rawa, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Shekara uku da suka wuce ni na sama masa aikin dako a kasuwar Mile 12. Ranar da na fara jin warin abin a bakinsa na tsare shi, sai ya ce, "Haba Kawu, ranar Asabar ce kawai, maganin gajiya. Ai ni nake juya ta, ba ita ke juya ni ba." Na yi shiru. Shirun nan har yau yana cina.

Hukuncin giya a addini ba sai na faɗa ba, malamai sun gama bayani. Abin da nake so mu duba shi ne dalilin da ya sa mai sabon shiga yake rantsuwa cewa yana da iko da kansa.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai hanyar jin daɗi, wadda ke sakin sinadarin dofamin idan ka ci mai daɗi ko ciniki ya faɗa, don ka so maimaitawa. Giya wannan hanyar take bi. Akwai kuma wani furotin mai suna BDNF da aka gano a 1982, aikinsa kamar na taki ne, yana raya ƙwayoyin jijiya yana ƙarfafa haɗinsu. Tun 2004 Farfesa Dorit Ron ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinta suka nuna cewa idan ɓera ya sha giya kaɗan, BDNF yana ƙaruwa a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da sabo, kuma ƙaruwar tana rage masa sha'awar ƙari. Wato birki ne. Da suka toshe shi, sai shan ɓerayen ya ƙaru. Binciken da ya biyo baya ya nuna idan shan ya yi yawa kuma ya daɗe, birkin yakan daina kamawa, BDNF kuma ya ragu a gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ake auna abu kafin a aikata.

Kun ga inda gizo ke saƙa? Yaron bai yi mini ƙarya ba ranar nan, birkinsa yana aiki. Amma direban da ke gangara tudu kullum da ƙafarsa a kan birki, wata rana zai taka ya ji wayam.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiya ne, gwajin a jikin dabbobi aka yi. To amma mu da ke zaune kusa da tasha, mutum nawa muka gani ya fara da leda ɗaya ya ƙare a kwata? Wani kuma zai ce tunda kaɗan tana ƙara BDNF, ashe magani ce. Jiki ne fa ke kare kansa daga dafi! A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin giya da za a ce ba ya cutarwa.

Laifinmu ne mu manya. Mukan kawar da kai lokacin da abin yake ƙarami, in ya girma mu ce yaro ya lalace, mu haɗa kuɗin mota mu tura wa uwarsa. Ni ma abin da na yi ke nan, kuma kuskure ne. Wanda ya kai ga rawar hannu, yanke sha farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya har da rasa rai. Likita yake buƙata, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba nan kusa, ga na Aro a Abeokuta.

Don Allah iyayen gida da sarakunanmu na zango, ku yi magana tun ranar Asabar ta farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.