Tsibiran Waƙwaƙ, Ƙasar Da Babu Wanda Ya Taka

A Ƙofar Ran cikin birnin Bauchi kabarin marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wanda tun kafin ya zama Firayim Minista ya rubuta Shaihu Umar domin gasar ƙaga littattafai ta shekarar 1933. Shi dai bai kai jaruminsa ko'ina ba sai hanyoyin da ayari ke bi na zahiri, ta cikin hamada. Abokan gasarsa kuwa, watau Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, sun tura nasu jaruman ƙasashen da babu su a kowace taswira. Tun daga wancan lokaci ake samun masu ganin irin wannan rubutu na biyu shirme ne, abin yara, alhali kuwa manyan malamai sun daɗe suna sha'ani da shi.

Misalin da ya fi kowane shi ne na tsibiran Waƙwaƙ. Bauchi ba ta da teku, kuma tsakaninta da gaɓa akwai ɗaruruwan mil, amma duk wanda ya bi hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya har ya kai labarin Hasan mutumin Basra ya san waɗannan tsibirai. Hasan maƙerin zinariya ne. Ya sace rigar gashin tsuntsu ta wata gimbiyar aljanu ya aure ta, ranar da ta sami rigarta kuma sai ta kwashi 'ya'yansu biyu ta tashi sama zuwa gidan ubanta. Da ya bi sawunta sai ya tarar tsibirai bakwai ne, rundunarsu duk mata, kana akwai itatuwa masu 'ya'ya kamar kawunan 'yan Adam, waɗanda ke ihu suna cewa waƙ, waƙ, a fitowar rana da faɗuwarta.

Abin mamakin shi ne ba masu hikaya kaɗai suka ambace su ba. Ibn Khurdazbih, wanda ya rubuta littafin hanyoyi da ƙasashe a ƙarni na 9, ya ce zinariya ta yi yawa a can har da ita ake yi wa karnuka sarƙa. Littafin Aja'ibul Hindi ya ba da labarin cewa a shekarar 334 ta Hijira, wajen 945 ke nan, mutanen Waƙwaƙ sun zo cikin jiragen ruwa dubu, bayan tafiyar shekara guda, suka kai hari garin Ƙanbalu a gaɓar Afirka ta Gabas. Sharif Idrisi ma ya sa su cikin taswirar da ya gama wa Sarki Roja na Sisili a 1154. Daga baya masanan Turai suka yi ta jayayya: De Goeje ya ce Japan ake nufi, Gabriel Ferrand ya ce a'a, Madagaska ce da Sumatara. Watakila kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya, gama fatake sukan liƙa suna ɗaya ga duk ƙasar da ke bayan inda jirginsu ya juyo.

To, wannan dukiya ce Amurkawa suka mayar abin wasa da ciniki. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari da taswirar ƙasar da aka ƙaga, sauran kowa ya zama wani, wannan matuƙin jirgi, wancan boka, sai a jefa irin ɗan abin nan mai ɗige-ɗige na wasan lido don a ga ko dabararsa ta ci. A 1992 kamfanin TSR ya ƙara wata duniya mai suna Al-Qadim, wadda aka gina kacokan kan hikayoyin Larabawa, da aljanunta da 'yan fashin tekunta da tsibiranta. Jikokin waɗannan wasanni su ne yau cikin wayoyin samari, iyaye kuwa na kallonsu a matsayin baƙon abu.

Ba baƙo ba ne sosai. Yaron da ya yi tashe da azumi ya san yadda ake shiga rigar wani, haka samarin da ke naɗa sarki da alƙali a wasan kalankuwa bayan kaka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zama ya zana tsibiran, ya raɗa musu suna da Hausa, ya faɗi wane sarki ke mulkin na uku da abin da ake biya kafin a sauka a na biyar. Littattafan da zai ɗebo kayan aikin suna nan a kasuwar Wunti da zaurukan malaman Bauchi, takarda da fensir kuma ba su fi ƙarfin ɗan sakandare ba.