Baba ya iya YouTube, me ya hana shi cike fom?

1/ Jama'a, don Allah mu daina cewa tsofaffinmu ba su iya waya ba. Babana ɗan fansho ne, ya haura 65. Da kansa yake nemo tafsirin Malam Ja'afar a YouTube, ya saurari BBC Hausa, ya cika mu da saƙon murya tun asuba.

2/ Amma da aka ce ya tabbatar ta intanet cewa yana raye saboda fanshonsa, sai da ya jira na dawo hutu. Sati uku cur. Mutumin da ya yi shekara 30 yana koyar da lissafi fa!

3/ Na ce, Baba me ya hana ku yi? Ya ce: "A WhatsApp in na yi kuskure sai in goge. Can in na danna ba daidai ba kuɗina ya tsaya, wa zan kama?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe tsoro ne.

4/ Kuma yana da gaskiya. A Disambar 2020 aka ce a haɗa NIN da layin waya, a 2021 INEC ta buɗe fara rajistar zaɓe ta intanet. Komai na komawa waya, 'yan damfara kuma na ta kira suna neman BVN. Mu muka ce masa kada ya ba kowa lambobinsa, yanzu ga shafi na nema.

5/ Shafukan ma Turanci zalla, rubutu ƙanana, ka ɗan jinkirta a mayar da kai farko. WhatsApp kuwa dannawa za ka yi ka yi magana da harshenka.

6/ Mu ma da laifinmu. "Kawo in yi maka" ne ya hana su koyo. In ba ma nan, sai su tafi kafe su biya, su bar bayanansu a hannun baƙo.

7/ Wannan karon na zauna gefe, shi ke dannawa. Minti 40 muka yi. Da ya gama ya ce: "Au, shi ke nan?"

8/ Hukumomi, ku sa Hausa, ku sa bayanin murya, ku ba da lambar da mutum zai ɗauka. Mu kuma mu riƙa haƙuri da su. Ku fa, ya kuke yi da naku iyayen?