A Fito Mana da Taswirar Dajinmu!

Jama'a, akwai masu cewa tsohuwar taswira tarkacen Turawa ce, a bar wa gara da malaman jami'a. Wannan magana ba ta da tushe, ballantana a kunnen mutumin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa.

Da Turawa za su shimfiɗa dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, sai da suka auna ƙasa taku-taku. Ba don suna ƙaunarmu ba. Auduga da gyaɗa suke hari, tunda nan ba kurmin Kudu ba ne balle su ja layin jidar katako. Amma da irin wannan awon aka shata gandun daji kamar Rugu da Kogo, aka rubuta iyakar kowanne. A 1965 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wa makiyaya wurin kiwo. Manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya, Bafulatani ya san burtalinsa.

To yau ina iyakar take? Wa ya yanka gandu ya raba wa masu uwa a gindin murhu? Wa ya sa hannu aka nome burtali? Kirya da marke sun koma gawayi, maɗaci ya koma katako. Abin da dogon Bature bai ɗiba ba, motocinmu sun kwashe.

Dajin da hukuma ta manta da hanyoyinsa, ɓarayi ba su manta ba. A Disambar 2020 ta cikinsa aka kora ɗalibai sama da 300 na makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A shekarar 2020 ɗin kuma aka sanar za a mai da Kogo gandun ƙasa. Madalla, amma da wace iyaka? Ta da, ko ragowar da aka bari?

Za a ce taswira ba ta kama ɗan bindiga. Gaskiya ne. Amma tana kama mai babbar riga da ya cinye dajin da biro, shi ya sa ba a son ta ga rana. A zaƙulo ta, a buga, a manna a ƙofar kowane hakimi, a ɗora ta kan hoton tauraron ɗan Adam na yau, kowa ya ga giɓin. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as!