Filin Girki: Magarya Mai Aure da Akurin Gida



Sanyi ya shigo, magarya ta nuna. Yanzu iri biyu gare mu. Akwai tamu ta daji, ƙanana, jajaye, wadda yara ke tsinta a fadamar Badagishiri. Akwai kuma wata babba, kore-kore, mai girman ƙwan zabo. Da Faransanci ana ce mata pom di Sahel, wato tuffar Sahel.

Kada sunan ya ruɗe ku. Ba tuffar kanti ba ce da ake kawowa cikin kwali. Waccan sai ƙasar sanyi. Wagga magarya ce, asalinta Indiya. Ma'aikatan binciken noma na ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, su ne sunka yaɗa ta cikin Nijar a shekarun 2000. Reshenta ake yankowa a aura ma magaryar daji, kamar yadda ake auren mangwaro.

Babbar, ɗanya ake cin ta. A wanke ta da ruwa mai tsabta. A tsaga a duba, don tsutsa na son ta ƙwarai. A fidda ƙwallon, a yanka ƙanana a zuba cikin nono, a ba yara. Tana da bitamin C mai yawa, shi ke hana dasashi zubar da jini. Amma ruwa gare ta. Kwana kaɗan ta yi laushi ta lalace. Wanda ya tsinke ta, ya ci ko ya kai kasuwa da sauri.

Ta ajiya ita ce tamu, kuma da ita ake akuri. Ga yadda ake yi, don na lura ƴan mata da yawa sun san cinsa, ba su san yinsa ba. A shanya magarya bisa tabarma, ba bisa ƙasa ba, har ta bushe ƙayau. A tsince ruɓaɓɓu. A zuba a turmi a daka sannu-sannu. Nan ne gwaninta take: naman ake so ya saki, ba a so ƙwallo ya fashe. In ya fashe, akurin zai yi tsakuwa a haƙori. A tankaɗe da rariya. A yayyafa ma garin ruwa kaɗan, ya yi danshi kawai, kada ya zama ƙullu. A danna shi cikin ƴan ƙoƙuna, a jera a madambaci, a rufe, a turara kamar dambu. In ya haɗe ya yi duhu, a sauke a bari ya sha iska ya bushe. Ba ya son sukari, da zaƙinsa ya zo.

Akuri busasshe na yin watanni bai ɓaci ba. Makiyayi ya jefa a jaka ya bi bisashensa. Uwa kuma ta rage gari ta riƙa barbaɗawa a kunun yaro cikin bazara, sa'ad da ɗiyan icce sunka yi wuya.

To, mazan gida, ga naku. Lokacin sharar gona kada a tumɓuke magarya don ƙayarta. In babu ita, babu akuri, kuma babu gindin da za a aura ma babbar. Mai gindi biyar, ni dai shawarata ya aura biyu ya bar uku. Makiyaya kuma ku jinkirta sassabe ma awaki reshe har mata su gama tsinta. Mai son koyon aure ya tuntuɓi ma'aikacin gandun daji a Illela.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.