Kada Ka Ɓoye wa Uwargida Asarar Kasuwa

Ya kai maigidan da ke fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi, ka ga yadda rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, ya tsayar da ciniki cak. A ganina, asarar da ka ɓoye wa uwargida ta fi cin jikinka. Damuwa da rashin barci suna rura hawan jini, shi kuwa yakan zo ba sallama. Ku zauna ku yi lissafin shago tare, ku ware kuɗin cefane da na makarantar yara daga jari. Ku riƙa auna jininku ku biyun. Idan awon yana yawan kaiwa 140/90, ku ga likita. Jari yakan dawo, amma wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da wuya ya koma kasuwa.